Kawu Bai Iya Iyo Ba: Nazarin Yini Ɗaya a Tsibiran Fi Fi

Wanda abin ya shafa

Kawuna ne, ƙanen mahaifiyata. Ɗan kasuwa ne a Kano, tufafi yake sayarwa, kuma a lokacin shekarunsa sun haura 45. Ba baƙon tafiya ba ne, domin ya sha hawa jirgin sama zuwa Dubai da Cana da Tailan sarin kaya. Lafiyarsa ƙalau, in ban da ɗan ciwon baya da ke taso masa idan ya daɗe zaune a shago. Yana da gemu da gashin baki mai kauri, kuma wannan zai shigo cikin labarin nan gaba.

Ruwan da ya wuce gwiwarsa kuwa bai taɓa shiga ba. A cikin birni ya tashi, zamanin da kududdufai ke tumbatsa da damina, duk yaron da ya dawo gida ido jajur jiki furu-furu ya san bulala na jiransa, domin kusan kowace shekara sai an ji ruwa ya ci ɗan wani. Iyayensu sun raba su da ruwa don su tsira da rayukansu. Kifewar jirgin Bagwai a madatsar Watari, ranar 30 ga Nuwamban 2021, wanda ya ci ɗaliban Islamiyya da yawa, ya ƙara masa nisa da harkar ruwa.

Ni kuma ina karatu a Maleshiya, a can na koyi iyo a wurin ninƙaya na makaranta. Da ya gama sarin kaya a kasuwar Pratunam ta Bankok a tsakiyar watan Oktoba, sai muka haɗu a Fuket, wani tsibiri a kudancin Tailan, don ya huta kwana uku kafin ya koma gida.

Kwana biyu kafin tafiya

Ni na zaɓi yawon, ni na biya. Tsibiran Fi Fi guda shida ne a tekun Andaman, cikin lardin Krabi, kimanin kilomita 45 daga Fuket. Babban jirgin fito yana cin kusan awa biyu kafin ya isa, ƙaramin jirgi mai gudu kuma kusan awa ɗaya, kuma shi ne ke iya kurɗawa lungu-lungu ya tsaya a wurare huɗu ko biyar a yini guda. Shi na ɗauka. An rubuta a takardar yawon cewa bai dace da mai ciki ko mai ciwon zuciya ko mai ciwon baya ba. Na karanta, na cike masa takardar da hannuna, ban tambaye shi komai ba.

Iskar damina a wannan yanki daga kudu maso yamma take kaɗowa, tun daga Mayu har cikin Oktoba, teku kuma ba ya lafawa sosai sai wajen Nuwamba. Mu a wutsiyar damina muka je. Na nuna wa Kawu hotunan wuraren a waya, ya ce, "Masha Allah, Allah ya kai mu." Iyakar maganar da muka yi ke nan.

Ƙarfe 7:30 zuwa 9:00: tashar jirgi

Kawu ya karya da soyayyar shinkafa da ƙwai da shayi mai madara. A tashar an ajiye ƙwayoyin maganin jiri a wani ɗan kwano kusa da shayi, kowa ya ɗauka kyauta. Na miƙa masa ɗaya, ya girgiza kai. "Ni da jirgin sama bai taɓa sa ni amai ba, ɗana? Bar shi kawai."

Mai yi mana jagora ta tara mu, mu talatin da wani abu, ta yi bayani da Turanci. Ta ce rigar kariya dole ce muddin jirgi na tafiya, kuma ba a wasa da wannan a Fuket tun bayan nutsewar jirgin Phoenix ranar 5 ga Yulin 2018, inda mutum 47 suka rasu. Daga nan ta ce wanda bai iya iyo ba ya ɗaga hannu. Mata biyu suka ɗaga. Kawu yana jin Turanci sarai. Hannuwansa na kan cinyarsa, bai motsa su ba.

Jirgin mai inji uku ne. Cikinsa akwai rumfa da benci biyu masu fuskantar juna, gabansa kuma buɗaɗɗe ne, mutum shida ko takwas za su iya zama. Kawu ya ce warin fetur ya yi yawa a ciki, muka wuce gaba.

Ƙarfe 9:00 zuwa 10:15: tsallake teku

Minti goma sha biyar na farko lafiya lau, domin tsibirin Fuket ya tare mana iska. Da muka fita fili sai abin ya canja. Hancin jirgin ya riƙa hawa igiyar ruwa yana faɗowa tim, kamar mota ta afka rami da gudu, sau da sau babu ƙaƙƙautawa. A jirgi irin wannan gaba ne ke ɗagawa ya doku, bayan da injina suke shi ya fi zama daram. Kowace dokuwa ina ganin Kawu yana runtse ido yana dafe ƙugu.

Wajen 9:20 zufa ta karyo masa, ya yi shiru. Ga abubuwan da aka gwada bi da bi. Wata mata ta ba shi alewar citta, ya tsotsa, bai ji wani sauƙi ba. Ya sunkuyar da kai tsakanin gwiwoyinsa, abin ya ƙaru. Ya ciro waya yana duba addu'o'i don ya ɗauke hankalinsa, cikin minti biyu amai ya zo. Ya yi sau biyu a leda. Jirin teku yana tasowa ne idan can cikin kunne, inda ma'aunin daidaiton jiki yake, ya ji ana jijjiga, ido kuma yana kallon abin da ke tsaye wuri ɗaya kamar ƙasan jirgi ko fuskar waya. Saƙo biyu masu saɓani su isa ƙwaƙwalwa, ciki ya juya.

Ƙarfe 9:45 ya karɓi ƙwayar, ya haɗiye da kurɓin ruwa, ta zauna. Irin maganin nan da ake kira dimenhydrinate ne, wanda ake so a sha minti 30 zuwa awa ɗaya kafin a hau jirgi, kuma yana sa barci. Minti biyar bayan haka wani ma'aikacin jirgin, dattijo mai ɗan gemu, ya yi wa direba alama ya sassauta. Ya kama hannun Kawu ya kai shi benci na ƙarshe, ya juya shi ya fuskanci inda muka dosa, ya nuna masa layin da sama ta haɗu da ruwa, ya ce ya kafa ido a can. Daga nan amai bai sake zuwa ba.

Ƙarfe 10:20 zuwa 11:20: gaɓar Maya

Wannan ita ce gaɓar da ta yi suna bayan wani fim ɗin Amurka da ya fito a 2000. Kafin a rufe ta a watan Yunin 2018, akan samu baƙi har 5,000 da jirage kusan 200 a rana, anga da farfela suka ragargaza murjanin da ke ƙarƙashin ruwa. Sai a Janairun 2022 aka sake buɗe ta da sababbin dokoki, kuma a shekarun da suka biyo baya akan rufe ta watannin Agusta da Satumba don ta huta. Yanzu jirgi ba ya shiga bakinta. Ta baya ake sauka, a gadar da ke bisa ruwa a Loh Samah, a bi hanyar katako ta cikin itatuwa a ɓullo kan farin yashi. Awa ɗaya ake ba kowane rukuni, kuma an hana iyo: iyakarka ka tsoma ƙafa, idan ka zarce ma'aikacin gandun ya busa maka usur.

Kawu ya farfaɗo da ya taka ƙasa. Ya naɗe wando ya tsaya ruwa iya idon sawu, muna kallon ƙananan kifayen shak masu baƙin tabo a bakin fiffike, waɗanda suka dawo gaɓar tun da jirage suka daina shiga. Da yake babu mai iyo a nan, bai bambanta da kowa ba. Na lura dai yana ta hamma, maganarsa ta yi nauyi.

Ƙarfe 11:35: Pileh

Pileh wani lungun teku ne da duwatsu masu tsayi suka kewaye kamar ganuwa, mashiga ɗaya ƙunƙuntacciya. Ruwan kore shar, a kwance kamar an zuba a tasa, har ƙasa kana hange. Wannan hangen ƙasan yana ruɗin ido, domin inda jirginmu ya tsaya ƙafar mutum ba ta kai wa ƙasa ba ko kusa.

Aka ce minti 40 na iyo. Mutane suka yi ta faɗawa suna shewa, har da yara. Na tambayi Kawu ko zai shiga, ya ce in yi gaba yana zuwa. Na yi gaba.

Abin da ya biyo baya daga baya na haɗa shi, daga bakinsa da bakin ma'aikatan. Rigar kariyar da ke jikinsa tun safe babba ce, ya zaɓe ta don kada ta matse masa ciki. Maɗauri uku gare ta, na tsakiya kawai ya ɗaura, igiyar da ake zagayowa ta tsakanin cinyoyi kuma tana reto a baya. Ya ga kowa ya saka gilashin fuska mai rufe ido da hanci, da bututun numfashi a baki, shi ma ya saka. Ya sauka tsani a hankali, ya saki.

Rigar ta tashi sama, shi ya yi ƙasa a cikinta. Kafaɗunta suka kai kunnuwansa, haɓarsa ta nutse. Gashin baki ya hana robar gilashin kama fata, ruwa ya kwararo ya cika masa hanci. Ya buɗe baki don ya ja iska, ruwan gishiri ya shiga.

Tsakanina da shi bai fi mita goma ba, kuma ban ji komai ba. Wanda ruwa ke ci ba ya samun iskar yin ihu. Da na waiwaya, abin da na gani shi ne saman rigar mai ruwan lemo, da hannuwa biyu suna dukan ruwa a gefe da gefe, kai a ɗage baya, baki na fitowa yana komawa. Kafin in isa, wani saurayi cikin ma'aikatan ya riga ya faɗa da robar ceto mai kama da taya. Ta baya ya zagayo masa, ya tura masa robar a ƙirji, ya ja su zuwa tsani. Duka abin bai kai minti ɗaya ba.

A cikin jirgi Kawu ya yi ta tari yana fitar da ruwa, idanunsa jajur, yana maimaita Innalillahi. Na durƙusa gabansa.

"Kawu, ashe ba ka iya ba?"

Ya daɗe kafin ya amsa. "Ban taɓa shiga ba, ɗana. Ko sau ɗaya."

Jagorar ta zauna kusa da shi tana lura da numfashinsa. Ta ce idan tarin bai tsaya ba, ko ƙirji ya riƙe, ko ya fara haki, akwai asibiti a tsibirin da za mu ci abinci, kuma ko mun koma masauki in ci gaba da sa masa ido har dare. Bayan kamar minti goma sha biyar tarin ya lafa. Muka wuce kogon da ake ɗiban sheƙar tsuntsaye da gaɓar birai, duk yana gyangyaɗi, bai ga ko ɗaya ba.

Ƙarfe 12:45 zuwa 2:15: Fi Fi Don

Nan ne kaɗai tsibirin da ke da gari. An gina shi a kan wani siririn yashi tsakanin gaɓa biyu, wurin da igiyar tsunami ta 26 ga Disamban 2004 ta afka wa ta ɓangarorin biyu, kuma har yanzu akwai allunan da ke nuna hanyar gudu zuwa tudu. 'Yan asalin wurin da yawa Musulmi ne, akwai masallaci, abincin halal ba ya wuyar samu. Kawu ya ci farar shinkafa kaɗan da kankana. Muka yi alwala muka yi Azahar ƙasaru.

Zaɓi uku ke gabanmu. Mu bar rukunin mu jira babban jirgin fito na yamma, ko mu ci gaba da su amma Kawu ya zauna cikin jirgi, ko a sake gwada ruwan. Ni na farkon na fi so. Kawu bai ce komai ba.

Dattijon nan da ya mayar da shi baya da safe, a masallaci muka sake haɗuwa da shi. Abokan aikinsa suna kiransa "Bang", yadda ake kiran babban namiji Musulmi a kudancin Tailan, kamar mu ce Yaya. Ya yi wa Kawu sallama, ya zauna. Da guntun Turancinsa ya ce shi kansa ya ga mutane da yawa da ba su ɗaga hannu ba. Ya ce zangon ƙarshe yashi ne mai gangara a hankali, ruwa iya ƙugu, idan Kawu ya yarda shi da kansa zai shiga da shi, idan bai yarda ba akwai inuwa da kujera. Kawu ya dube ni, ya dube shi, ya ce, "To, Bismillah."

Ƙarfe 3:00 zuwa 4:15: tsibirin Khai

A wannan tafiyar benci na ƙarshe muka zauna tun farko. Barcin maganin ya fara sakinsa. Khai ɗan mitsitsin tsibiri ne kusa da Fuket, za ka iya zagaye shi da ƙafa cikin 'yan mintoci.

Bang ya fara da riga. Ya kawo wata ƙarama, ya ɗaura maɗaurai ukun, ya ja su har Kawu ya ce ta matse, ya zagayo da igiyar ƙasa ya ɗaure. Sannan ya kama kafaɗun rigar ya ja sama da ƙarfi. Ba ta wuce haɓa ba. Ya ce haka ake gwadawa, idan ta kai kunne to a ruwa ma can za ta kai. Gilashi da bututu ya ajiye su a kan yashi.

Suka shiga har ruwa ya kai ƙugu, inda ƙafa ke taka ƙasa sosai. Ya sa Kawu ya lanƙwasa gwiwa a hankali har ya ji rigar ta ɗauke shi, ya miƙe, ya sake, sau biyar ko shida. Sai ya ce ya kwanta rigingine, ya sa tafinsa a ƙeyarsa. Karo na farko Kawu ya zabura da ruwa ya taɓa kunnuwansa. Karo na biyu ya ɗaga kai don ya ga ƙafafunsa, ƙugu ya nutse, ya miƙe yana haki. Muka tsaya ya huta.

A karo na uku Bang ya ce ya kalli sama, ya riƙa karanta wani abu a bayyane, a hankali. Kawu ya fara salati. Ina tsaye dab da kansa, ina ganin yatsunsa da suka dunƙule suna warwarewa ɗaya bayan ɗaya, ƙirjinsa ya daina bugun sauri, gemunsa na lilo a ruwa. Can sai Bang ya zare hannunsa ya nuna mini tafin, ya sa yatsa a baki kada in yi magana. Kawu ya ci gaba da kwanciya shi kaɗai fiye da minti ɗaya bai sani ba. Da ya gane, bai zabura ba. Cewa ya yi, "Ikon Allah."

Daga baya aka aro masa ƙaramin tabarau mai rufe ido kaɗai, wanda gashin baki ba ruwansa da shi. Yana tsaye, ya riƙe numfashi, ya tsoma fuska daƙiƙa biyar. Kifaye masu zanen baƙi da rawaya suna zagaye gwiwoyinsa. An hana ba su abinci a wurin, amma ba sa gudun mutum. Ya yi ta tsomawa yana ɗagowa har aka busa usur na tashi. Komawa Fuket bai kai rabin awa ba, babu jiri, babu amai.

Kwanakin da suka biyo baya

Daren nan na kwana ina sauraren numfashinsa, babu tari, babu zazzaɓi. Bayan ne ya zama matsala. Washegari da ƙyar ya yi ruku'u, a zaune ya ƙarasa sallah. Da ya koma Kano ya ga likita, aka yi hoto, babu karaya, aka ba shi magani da hutu. Sai da ya yi kusan mako biyu kafin ya koma zaman shago yadda ya saba.

Abin da ya gaza da abin da ya yi aiki

Ciwon bayan nan zaman gaban jirgi ne ya jawo shi, minti 35 na dokuwa ga mutumin da dama bayansa ba lafiyayye ba ne, a watan da teku bai kwanta ba. Takardar ta faɗa, ni na sa hannu ban tambaya ba. Da na tambaya, babban jirgin fito za mu hau, ko aƙalla mu zauna baya tun daga tasha. Mun ci sa'a da ya tsaya a ciwon tsoka, domin irin wannan dokuwar tana iya tsaga ƙashin baya.

Maganin jirin ba shi da laifi, lokacin shansa ne ya ɓaci. Da a ce ƙarfe 8:15 aka sha shi, da ya tare aman. Da aka sha shi 9:45, bai tsinana komai a tsallaken ba, sai ya kawo barci daidai lokacin shiga ruwa mai zurfi, lokacin da mutum ya fi bukatar hankalinsa. Abin da ya tsayar da aman canjin wurin zama ne da kallon nesa.

A Pileh abubuwa huɗu suka haɗu: riga mai faɗi da ba a ɗaure ba, gilashin da bai kama ba, barcin magani, da ruwan da ya fi ƙarfin tsayi. Amma dukansu daga tushe ɗaya suka fito, wato babu wanda ya san bai iya ba. Matan nan biyu da suka ɗaga hannu da safe, an duba musu riguna, an ba su robar ceto mai igiya, saurayin nan yana kusa da su har suka fito. Kawu bai samu ko ɗaya ba.

Ba na ganin laifinsa kamar yadda nake ganin nawa. Magidanci ne, uba a wurina, an yi tambayar da Turanci a gaban baƙi talatin da ɗan 'yar'uwarsa da ya biya kuɗin yawon. Na san yadda kunya take a wurinmu, na san a ina ya tashi, na san cewa a cikin sa'o'insa na birni wanda ya iya iyo ɗaiɗai ne. Ni ya kamata in tambaye shi, da Hausa, mu biyu a ɗaki, ranar da na nuna masa hotuna. Kuma ko da ban tambaya ba, bai kamata in yi nisa da tsani ba kafin in ga yadda ya shiga.

Abin da Bang ya yi a Khai ya ci nasara ne domin ya raba abubuwan da suka taru wa Kawu a Pileh, ya ba shi su ɗaya-ɗaya. Ƙasa tana ƙarƙashin ƙafarsa, ya san duk lokacin da ya so zai miƙe. Rigar ta kama shi, ya ji da jikinsa cewa tana ɗauka. Babu abin da ya toshe masa hanci ko baki. Salatin kuma ya daidaita masa numfashi, domin mai karatu a bayyane dole ya fitar da iska a hankali, ga natsuwar da zuciyarsa ta samu da abin da ta saba da shi tun yarinta. Sannan wanda ya koya masa sa'ansa ne, sun yi sahu ɗaya a masallaci, bai kuma yi masa maganar a gaban jama'a ba.

Har yau Kawu bai iya iyo ba. Abin da ya iya shi ne ɗaura riga daidai, da kwanciya rigingine ya jira. Ya ce idan na kammala karatu na dawo, 'ya'yansa maza biyu ni zan koya wa, kuma ya riga ya fara tambayar inda ake da wurin ninƙaya mai tsabta a Kano.